Tagar da Ta Karkace

Shekara talatin da ɗaya ina ɗinkin labule a Viseu,
a shagon bayan coci, inda duwatsun titi ke santsi in an yi ruwa.
Na san tagogin unguwarmu kamar yadda uwa ta san kukan ɗanta.
Awona bai taɓa ba ni kunya ba
sai a gidan Abílio Seixas.

Tagar ɗakinsa na sama ta karkace tun zamanin kakansa,
kafaɗa ɗaya sama, ɗaya ƙasa, kamar tsohon ɗan dako.
Sau uku na ɗinka, sau uku na warware.
Kullum rana sai ta sato hanya ta gefen hagu
ta sauka a idon matarsa da ke kwance tana jinya.
Bai yi faɗa ba. Ya biya ni, ya raka ni ƙofa.
Da ma zagina ya yi.

Telmo, yaron shagona, shi ya yanko tikitin Frankfurt
da kuɗin da yake tarawa don babur.
Na ce, da furfurata za a koya mini zare da allura?
Ya ce, to ki je ki koya musu.

Zauren baje kolin ya haɗiye filin ƙwallon garinmu sau goma.
Ƙafata ta kumbura kafin rana ta take.
Na ga labulen da ke buɗe kansa in gari ya waye,
na ga yadin da wuta ke lasa ta haƙura,
na ga makarin taga marar igiya, don kada yaro ya shaƙe.
Nan gabana ya faɗi,
na tuna igiyoyin da na rataya da hannuna
a ɗakunan 'ya'yan mutane.

Can wani lungu, kusa da masu sayar da kofi,
wata yarinya 'yar Holan, an rubuta Femke a ƙirjinta,
tana auna firam da ɗigon jan haske.
Ba ma jin yaren juna.
Na zana mata tagar Abílio a bayan takardar burodi.
Ta karɓi fensirina, ta ja layi ɗaya tak,
layin ya bi karkatar, bai yi gardama da ita ba.
Ni kuwa duk tsawon nan
ina ta kokawar miƙe abin da gini ya riga ya lanƙwasa.

Washegari na shiga aji,
kujerar gaba, tabarau a karan hanci,
cikin yaran da na girmi iyayensu.
Na yi ta rubutu har biro ya ƙafe,
na ari na wani ɗan Girka, na manta ban mayar ba.

Na dawo da akwati cike da ƙyallayen samfur,
sai da na biya kuɗin nauyi a filin jirgi.
Ranar Talata muka hau benen Abílio, ni da Telmo.
Muka yanka sanda ta bi bango yadda bango yake so.
Matarsa ta yi barci har ƙarfe goma.
Da yamma ya aiko da kwandon gyaɗar kurmi, babu ko wasiƙa.

Yanzu otal ɗin bakin dandali na kirana,
Telmo ya sayi baburinsa, ja, mai ƙara kamar masifa.
Duk daren Alhamis ina gaban kwamfuta da littafina,
malamina bai kai talatin ba, yana ce mini in ɗaga hannu.
Na zaune bai ga gari ba, na yarda.

Ranar Asabar kuma ina bi gida-gida da almakashi,
ina cire tsofaffin igiyoyina kyauta.
Saura gida goma sha bakwai.