Baka Biyu

A Jega nake zaune, ofishinmu kuwa ba shi da ƙofa.
Mu biyar ne, muna sayen albasa da shinkafa a hannun manoma,
kowa yana inda Allah ya ajiye shi:
Sahabi a Aliero, Arzika a Kamba bakin iyaka,
Rifkatu a Zuru, Marwanu can Yawuri inda ruwa ke da faɗi.

Na tura wa Arzika hoton dariya wata Laraba.
Wayarsa tsohuwa ce, akwati fanko ta nuna masa,
ya ɗauka habaici nake yi.
Kwana shida bai gaishe ni ba.

Shi ya sa na zauna da dare, bayan an ɗauke wuta,
na baje kayan rubutu kamar goro a faranti:
aya, waƙafi, ruwa biyu, baka biyu, karan ɗori.
Abin da muka sha bulala a kansa a firamare,
ashe fuskar mutum ce a warwatse.

Na yi wa Sahabi albasarsa ((o))
wato farashi ya faɗi, a turo mota.
Na yi wa Marwanu kifi <><
ya ce wannan karfasar yunwa take ji,
sai da na ƙara mata haƙarƙari <))><
kana ya yarda ta zama alamar an biya kuɗi.
Rifkatu ba ta nemi izinin kowa ba, ta ƙera nata -_-
ta ce fuskarta ke nan idan Alhamis ta yi ba lissafi.
Ko takardar gargaɗi ba mu tsoro haka.

Arzika ne ya kawo ta aya.
Ya ce, "Ni ban iya zane ba.
Ɗigo guda da safe, ku san na tashi lafiya."
Tun daga nan suke jeruwa kullum,
biyar, kamar takalma a bakin tabarma.

Ran nan na ƙirga huɗu.

Na sha koko, na sake ƙirgawa.
Azahar ta wuce, motar albasa ta tashi ba wanda ya yi murna.
Sai bayan magariba Rifkatu ta rubuto,
ba fuska, ba ado:
"Baba ya tafi."

Na duba duk abin da na ƙera.
Kifi, albasa, dariya iri uku,
har da mai harara don direban da ke makara.
Babu ko ɗaya da zai iya shiga gidan makoki.
Zuru da nisa, hanya kuma sai addu'a.

Yatsana ya daɗe a kan gilashi.
Na buɗe baka, na bar fili, na rufe.

(   )

Ban yi bayani ba.
Sahabi ya turo irinta. Marwanu ma.
Arzika, da ya ce bai iya zane ba,
tasa ta fi ta kowa faɗi,
kamar ya matsa ne a kan benci.

Kwana tara ba mu nemi lissafi ba.
A na goma, kafin zakara ya gama surutu,
wayata ta motsa ƙarƙashin matashi.
Rifkatu ce. Ta ɗauki bakanmu,
ta sa ɗigonta a tsakiya.

( . )