Ragar Gaba

Shekara goma sha ɗaya taraktar na tsaye
bayan gareji a Ƙofar Ruwa,
kaji na kwana a ƙarƙashinta,
jan fentinta ya koma launin goron da aka tofar.

Baba ya ce kafin a taɓa inji
a fara gyara mata fuska.
Na ce, Baba, fuska ba ta noma.
Ya ce, kai dai ɗauko sifana.

Noti huɗu ne. Uku sun ji magana
da na shayar da su baƙin mai kwana biyu.
Na huɗun ya kafe,
sai da Tasi'u mai walda ya nuna masa wuta
sannan ya saki, yana kukan tsohon ƙyaure.

Ragar ta fito, ta bar mini garin tsatsa a tafi.
A bayanta, jikin lagireto,
ɗakin zanzaro har uku,
ƙaiƙayin alkamar Kadawa ya cushe kowace kafa,
ga fiffiken wata fara
da ta yi karo da Baba tun ina goye.
Ya ɗebi ƙaiƙayin, ya murza, ya kai hanci.
Ni kuwa na kama shara.

Sabuwa babu. Rumfa tara na shiga,
kowa ya duba sai ya yi dariya:
maƙerin wannan ai ya riga kakanka kwanta dama.
Sai Malam Ɗanliti ya jawo rariyar injin casa
daga ƙarƙashin bencinsa,
ya auna da hannu, taƙi uku da yatsa biyu.

Muka yanka, muka lanƙwasa bakin a kan guntun ƙarfen dogo.
Almakashi ya ɗanɗani yatsana.
Rami ɗaya ya ƙi haɗuwa, muka sake huda.
Ta zauna, amma da ɗan karkace.

La'asar sakaliya aka kawo Baba.
Ido ya yi nisa, da hannu yake gani yanzu.
Ya bi ta kusurwa zuwa kusurwa,
ya tsaya daidai inda ta karkace,
ya ce, haka ta asalin ma take
tun ranar da na daki kututturen ɗorawa a Kura.

Inji bai tashi ba tukuna. Batir babu.
Tsohuwar ragar kuwa, Tabawa mai gasa masara ta roƙa,
ta dirje ta da yashi, ta ɗora kan garwashi.
Jiya na sayi ɗaya na kai wa Baba.
Ya ce haƙori babu,
amma in ajiye nan kusa, ya ji ƙanshin.