Jarka Goma Sha Biyu

Kurata jarka goma sha biyu take ɗauka,
kowace na san ta da tabonta.
Shekara tara ina tura ta a lungunan Agege,
ban taɓa tambayar ruwa inda ya kwana ba.
In dai ya yi fari, in dai ya yi sanyi,
shi ke nan ilimin ɗan garuwa.

Bara da damina ta sauka Ikko,
kwata ta cika ta tumbatsa,
ta bi tiyon da ya tsage a bayan gidan Iya Kuburat,
ta shiga ba sallama.
Ruwan bai canza launi ba.
Wallahi na shinshina.
Gida bakwai na kai wa kafin hantsi,
ko'ina ana yi mini sannu da zuwa.

Sallau mai gyaran takalmi ne ya fara.
Da la'asar yana tsokanata kan bashin jarka biyu,
da lisha idanunsa sun faɗa,
fatar hannunsa in ka tsunkula sai ta tsaya,
ta ƙi komawa.
Muka ce abincin biki ne.
Muka jiƙa masa sassaƙe, muka jira gari ya waye.
Da asuba babu mota.
Da aka samu, gosulo ya tsare mu a mashigar jirgi,
kansa bisa cinyata, mara nauyi kamar duma.
Ya cika a bakin ƙofa,
daidai lokacin da aka fito da ledar ƙarin ruwa.

Mutum tara a mako biyu.
Mai haƙar kabari ya daina mayar da shebur gida.

Sista Morenike da rani ta zo,
lokacin da kwata ta bushe har awaki na kwana ciki.
Hausarta gurguwa ce, amma takan kai inda za ta.
Ta ce, wa ke da mota da dare?
Wa ke da waya mai caji?
Shagon wa ne ba ya rufewa?
Aka ce na Tanimu mai shayi.
Can ta ajiye kwalin gishiri da sukari,
tsakanin gwangwanin madara da kiret ɗin ƙwai.
Ta rubuta lamba da jan fenti a gefen kurata,
yanzu ni allon unguwa.

Wasu sun yi dariya.
Barau ya ce muna yi wa cuta shimfiɗa
tun ba ta aiko za ta zo ba.
Na ce masa ba a fafe gora ranar tafiya.
Ya ce ai ni jarka gare ni.
To. Duk Alhamis ina wanke su ciki da bai,
in ɗiga maganin da ta auna mini,
in zauna rabin awa ina kallon masu sauri
suna kwashe mini kasuwa.

Liman ya faɗa bayan sallar Juma'a:
wanda ya zagaya sau uku, cikinsa ruwa,
kada a ɓoye shi don kunya,
kada a jira safiya.
Tsofaffi suka sunkuyar da kai.
Ba a saba jin zancen bayan gida a masallaci ba,
amma an saba jin sanarwar mutuwa.

Jiya hadari ya taso daga wajen teku.
Na ji sanyinsa a gwiwa.
'Yata Asabe ta kurɓi ruwa ta yamutsa fuska,
ta ce Baba, warin asibiti yake.
Na ce shanye.

Matar Sallau har yau ni ke kai mata.
Ba na karɓar kuɗinta,
ita kuma ba ta tambayi dalili ba.
Takan ɗaga murfi, ta shinshina,
ta dube ni,
ta ce juye a randa, akwai sauran ƙishirwa.