Sunan da Ake Shafawa

Littafin bashi ne na shagon Baffa.
Rabinsa sunayen waɗanda suka ɗauki gishiri da sabulu
suka bar Garwa ba su biya ba.
Ɗaya rabin nawa ne.
Shekara huɗu ke nan ina cika shi
da hannun matan da nake kallo a bayan gilashi.

Ga Nuratu a shafi na tara,
ta ja layi kamar wutsiyar ƙadangare.
Ga Zinaru, ta zana zuciya,
ta rubuta sunana ba daidai ba.
Na yafe mata. Dalhatu ko Dauda,
duk ɗaya ne a wurin mai sauri.

Ran Asabar aka buɗe zaure a Rumde Ajiya,
ƙofa jaka biyu ta sefa,
man babur ɗina na kwana uku.
Fanka huɗu, biyu sun mutu.
Zafin garin ya shigo bai biya ko sisi ba,
ya zauna a kujerar gaba.

Layi ya miƙe har bakin titi.
Wayoyi sama kamar ana roƙon ruwa,
turare da zufa suna kokawa,
wani ƙato yana faɗin, a matsa, a matsa.
Da na isa, tauraruwar ba ta ɗago kai ba.
Biro ya yi tsalle sau ɗaya,
aka ture ni gaba da abin da na zo nema,
na duba, na rasa me na samu.

Can ƙarshe, gab da ƙofar janareto,
tebur guda ba kowa.
Gwamma ce, wadda ta yi shekara ashirin
tana zama uwar kowa a fim,
tana fifita da takardar shiga,
ga ɓawon gyaɗa a gabanta.

Ta ce, wa zan rubuta wa?
Na ce, Goggo Dudu ta Yelwa, ita ta raine ni.
Kaset ɗinki ta saka har ya tsinke,
muka ɗinke shi da ƙaro.
Yanzu yana ta rufe mata ido,
amma in kin yi tari a fim, ta san ke ce.

Ta yi shiru. Ta ce, to me za ta yi da tawada?

Sai ta ninke gefen mayafinta
ta sa a ƙarƙashin shafin,
ta riƙe biro kamar mai tsaga fata,
ta faro daga dama.
Harafi ɗaya, numfashi ɗaya.
Tawada ta ƙare a tsakiya, ba ta tsaya ba,
ta ci gaba da dannawa
har takarda ta yi kwari.
Ba ta zana zuciya ba.
Ta ce, ka gaishe ta, ka ce Gwamma ma
ido ɗaya ya rage.

Na bi ta gefen Binuwai da magariba,
littafin a cikin riga, yana shan zufata.

Goggo ta goge hannu a zani
ta ɗora yatsa, ta bi a hankali
kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa.
Ga wau, in ji ta. Ga mim.
Wannan ta yi allo, ba ƙarya.
Ta maimaita sau uku, bakinta na motsi.

Daga nan yatsan ya zarce,
ya tsallaka baya, shafi bayan shafi,
ya wuce Zinaru, ya wuce Nuratu, bai ji kowa ba,
sai da ya faɗa rubutun Baffa,
shi ma mai nauyin hannu ne, Allah ya jiƙansa.

Ta tsaya. Ta yi dariya har da hawaye.
Ta ce, Jauro mai kifi, sabulu uku.
Har yau bai biya ba.