Ɗaki Shida a Rikkos

Shekara talatin da biyu ina juya marasa lafiya a gadon asibiti.
Ran da kuɗin sallama suka fito
ban sayi gwal ba, ban sauya kujerun falo ba,
na sayi fili a Rikkos, bayan injin niƙa.
Hashimu dillali ya buga ƙasa da dunduniya,
ya ce, Hajiya, nan dutse ne, har jikokinki.
Bai gaya mini tsohon ramin kuza aka cike ba.
Bango ne ya gaya mini, a damina ta uku,
da wata tsaga mai kama da jijiyar hannun tsoho.

Ɗaki shida, banɗaki biyu, rijiya ɗaya
wadda ta cinye kuɗin ɗaki guda kafin ta ba da ruwa.
Ƙawayena na cewa na huta,
wai ina barci kuɗi na shigowa.
Su zo su ga barcin.

Ɗakin farko Sabi'u tela.
Kekensa na kuka har ɗayan dare,
amma da wata ya mutu sai keken ya yi shiru,
ya sa yaro ya danna masa kwaɗo ta waje.
Ina tsaye ina jin tarinsa.

Na biyu Nanret, malamar firamare.
In albashi ya zo, ita ke fara buga mini ƙofa.
In bai zo ba, ta kawo acca a kwano
da dankalin Bokkos, ta zauna, ta yi ta kallon tabarma.
A wane layi na rasit ake rubuta dankali?

Na uku ya tashi cikin dare.
Ya kwance har ƙwan fitila, har ƙusar rataye riga,
ya bar mini bashin wuta
da takalmi ƙafa ɗaya.

Mita guda ce a gidan,
kowa ya rantse ba shi da abin dafa ruwa,
alhali kullum asuba, cikin sanyin nan na Jos,
bokiti shida ke fita suna tururi.
Shadda ta cika, ba mai ita.
Mangwaron tsakar gida ya nuna, kowa mai shi.

Ranar Laraba aka yi ƙanƙara, kwano ya koma rariya.
Gyang kafinta ya hau, ya sauko, ya sosa ƙeya.
Na san susar nan, ba ta ƙasa da dubu ɗari.
Siminti kuwa yanzu daga nesa muke gaisawa.

Ɗana ya kira daga Abuja:
Umma, ki ƙara haya, ki ba telan nan notis,
gida jari ne, ba gidan marayu ba.
Na ce to.
Lauya ya rubuta, ya buga hatimi, ya karɓi nasa.

Na isa bayan isha'i, ruwa na zuba,
takardar na cikin jaka, kalmomina na cikin baki.
Ba kwaɗo a ƙofar.
Sabi'u na tsakar gida ba takalmi,
matarsa Hansatu na durƙushe, naƙuda ta kankama,
ba keke napep, hanya ta zama kogi.
Hannuna bai tambaye ni ba.
Na ce a dafa ruwa,
sai ga abin dafa ruwa har guda biyar sun fito daga ɗakuna.
Nanret ta riƙe fitilar waya.
Da almakashin tela na yanke cibiya.

Ran suna suka sa wa yarinyar Ladidi, sunana.

Takardar tana nan cikin jaka, tawadar ta narke.
Tsagar bango ta ƙara ɗan yatsa.
Daren jiya na buɗe littafin haya,
gaban sunan Sabi'u wata bakwai babu komai,
na daɗe riƙe da biro.

Gobe dai zan koma.
Ya biya ko rabi ne, ai siminti bai san takwara ba.