Ƙasa Ba Ta Tsami Banza

Mahaifina Anacleto ya sayi gonar nan da arha,
can bayan Paracatu, inda itatuwa ke tashi a karkace
kamar masu ciwon ƙugu.
Ƙasa ja wur, mai laushi a tafin hannu.
Ya murza ta, ya ce, "Mun dace."

Damina uku dawa na tsayawa iya gwiwa.
Ruwa ya ɗauke kwana goma a Janairu,
sai ganye ya naɗe, kara ya sunkuya,
mu koma gida da buhu a kafaɗa, ba komai ciki.

Ranar da haushi ya sa na tumɓuke guda
na ga saiwar:
guntaye, kumburarru, baƙi-baƙi a baki,
kamar yatsun da ƙofa ta datse.

Aka ce farar ƙasa ce magani.
Muka sayar da Mimosa, saniyar da ke ba mu nono,
muka barbaɗa mota guda.
Ta gyara taƙi ɗaya daga sama.
Ƙasa da nan, abin na kwance yana jiranmu.

Shekara ta bi shekara. Aka binne tsoho.
Sai Ivanilde, 'yata, ta dawo daga makaranta
da kwalabe biyu a kwali, naɗe cikin tsumma.
Ta sauko da tukunyar da Zulmira ke dafa wake,
ta ƙwanƙwasa gindinta da farce.
"Baba, alminiyam ce wannan.
Shi ne cikin gonarka tun ba a yi mutum ba.
Barci yake, tsamin ƙasa ke tashe shi.
Ya narke, ya bi ruwa,
ya nemi tsinin saiwa,
ɗan abin da bai kai ƙwayar shinkafa ba,
ya sandarar da shi, tafiya ta ƙare."

Ta ɗiga rini a kwalaben.
Tsinin ɗaya ya rine, ya koma shuni.
Ɗayan ya tsaya fari fat, kamar ba shi aka zuba wa ba.

"Wannan ta san kan abin," in ji ta.
"Da ta ji ƙarfen ya taɓa ta
sai ta buɗe 'yan ƙofofi a fatarta,
ta tofar da tsami irin na lemo.
Tsamin ya cafke shi, ya ɗaure shi tamau a waje,
ita kuwa ta wuce abinta.
Ba ta ɓarna kuma:
sai a tsini, sai in ya zo."

Na yi dariya har da tari.
Tsami ya jawo, tsami ya kore?
Ta ce, "Ba ni kunya biyar kawai."

Na ba ta, gefen bishiyar pequi,
inda ko ciyawa sai ta yi shawara kafin ta fito.

Janairun bana kwana goma sha shida ba ɗigo.
Gumercindo maƙwabcina ya daina leƙa gonarsa.
Kunya biyar ɗin nan kuwa,
shar, suna kaɗa kai da hantsi.

Na ɗauki fartanya da yamma, ba wanda na gaya wa.
Na tona gindin guda, na bi saiwar da hannu.
Ta wuce gwiwar hannuna.
Na kwanta rub da ciki, kunci a jar ƙasa,
ta wuce kafaɗa,
can inda ƙasa ke da sanyi da laima,
ban taɓo ƙarshenta ba.
Na daɗe a haka. Kabarin tsoho ba nisa,
taku arba'in ne, na sha ƙirgawa.

Da dare Zulmira ta zubo wake daga tukunyar nan mai lotsa.
Na yanka lemo, na matse a kai,
na tsaya ina kallon ruwan yana gangarawa
har Ivanilde ta ce, "Baba, zai huce."