Kalmar da ta Gangaro daga Tudu

Ermete mai yankan ciyawa a tudun Palatino
ya san ramukan nan tun jikarsa ba ta zo duniya ba,
ramuka a jikin dutse, kowanne faɗin akushi,
inda aka taɓa kafa dirkokin bukka
zamanin Rum ba ta wuce ƙauye ba,
tumaki sun fi mutane yawa.

Ran Lahadi ya hau da yarinyar.
Nives, shekara bakwai, ga wawulo a baki,
ta bi bangon jan bulo da ido har wuya ya ƙage,
ta ce, "Kaka, wannan palazzo,
gidanmu ma palazzo. Wa ya yi ƙarya?"

Ya zauna kan guntun marmara, ya cire hula.
"Da can sunan tudu ne, ba na gini ba.
Makiyaya suka fara kwana nan.
Sai masu mulki suka ɗanɗana iskar wurin.
Wannan ya gina, magajinsa ya ce ya yi kaɗan,
soro kan soro, zaure bayan zaure,
har gini ya haɗiye tudun,
ya haɗa da sunan."

Ita kuwa kalma ba a ɗaure ta a turke.
Ta gangaro, ta bi sawun sojoji da fatake,
ta haye tsaunuka,
kowane harshe ya ɗan gutsuri gefenta.
Duk inda mai iko ya tara dutse don a ji shakkarsa
sai ka tarar da ita zaune a bakin ƙofa.

Da ta gaji ta juyo gida,
ta iske rufi ya rufta,
ƙadangaru na shan hantsi inda jakadu ke durƙuso.
Ba ta yi kuka ba.
Ta bi ma'aikata zuwa Centocelle,
bene hawa shida, fenti na ɓarewa,
wanki a kowace taga,
ƙamshin miyar tumatir a matakala.
Nan ta sauke kaya.

Nives ta leƙa ramin ta saman shinge.
Ruwan daren jiya ya kwanta ciki,
wani ɗan tsuntsu na sha.
"To su makiyayan, me suke ce wa gidansu?"

Tsoho ya juya hular a hannu.
Wannan bai taɓa jin wanda ya sani ba.
Ya miƙe, gwiwa ta yi ƙara,
ya tuna hawa shida na jiransa.